Farashin Alƙali da Farashin Gidan Talabijin

Da yawa daga azzaluman shugabannin wannan zamani sun gane cewa rufe majalisa da kotu yana jawo musu surutu, don haka sai su bar gine-ginen a tsaye, alƙalai cikin rigunansu, 'yan majalisa bisa kujerunsu, ana kuma gudanar da zaɓe idan wa'adi ya cika, alhali an riga an saye mutanen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan ciniki a ɓoye ake ƙulla shi, shi ya sa talaka yake zargi amma ba shi da hujja. Sai dai akwai ƙasar da asirin cinikin ya tonu har da farashinsa, wato Peru ta Kudancin Amurka, a zamanin mulkin Alberto Fujimori daga 1990 zuwa 2000.

Fujimori da ƙuri'a ya hau mulki. Ya tarar da hauhawar farashi da ta haura kashi 7,000 cikin ɗari a shekara guda, ga kuma 'yan tawaye suna zubar da jini. Ranar 5 ga Afrilu 1992 ya haɗa kai da soja ya rushe majalisa, ya jingine tsarin mulki, ya kori alƙalai masu yawa. Jama'a da dama sun yi masa tafi, musamman da aka kama shugaban 'yan tawayen, Abimael Guzman, a watan Satumba na shekarar. Amma da matsin ƙasashen waje ya yi yawa, sai ya maido da majalisa ƙarƙashin sabon tsarin mulki na 1993, ya sake lashe zaɓe a 1995. Daga nan aka koma mulki da kuɗi.

Dillalin wannan kasuwa shi ne Vladimiro Montesinos, tsohon kyaftin ɗin soja da aka kora, wanda ya zama lauya, daga baya kuma ya riƙe ragamar hukumar leƙen asiri. Mutumin yana da wata ɗabi'a: yakan sa wanda ya ba cin hanci ya sa hannu a takarda, yakan kuma ɗauki hoton bidiyo a asirce lokacin da yake miƙa damin kuɗi, domin ya riƙe wuyan kowa. Waɗannan takardu da kasa-kasai su ne wasu masana biyu, John McMillan da Pablo Zoido, suka nazarta a 2004. Lissafinsu ya nuna cewa sayen 'yan majalisar da za su ba gwamnati rinjaye bai kai dala 300,000 a wata ba, na alƙalai kuwa kimanin dala 250,000 ne, amma gidajen talabijin suna lashe fiye da dala miliyan 3 kowane wata. Gida ɗaya kaɗai yana karɓar dala miliyan ɗaya da rabi.

To, a nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Montesinos ba wawa ba ne, kuma ba ya kyauta don Allah. Idan ya biya mai gidan talabijin ninki ɗari na abin da yake ba alƙali, lalle ya san daga inda haɗari zai fito masa. Alƙali idan ya ƙi, ana iya ɗauke shari'ar a kai wa wani, ko a tsige shi, kamar yadda majalisa ta tsige alƙalai uku na Kotun Tsarin Mulki a 1997 saboda sun ce Fujimori ba shi da damar neman wa'adi na uku. Ɗan majalisa kuwa ba a bukatar duka, rinjaye kawai ake nema. Amma gidan talabijin sai an saye manyan duka, domin guda ɗaya da ya faɗi gaskiya ya isa ya ɓata abin da aka kashe wa sauran. Masu gidajen sun san haka, shi ya sa suka tsuga kuɗi. Alal haƙiƙa hukuncin kotu da ƙuri'ar majalisa ba su da ƙarfi a kan mai bindiga sai idan jama'a sun san abin da ke gudana, har suna iya fitowa su ce ba su yarda ba.

Me aka saya da waɗannan miliyoyi? Mafi yawa shiru aka saya. Akwai yarjejeniyar da ta ba Montesinos ikon duba labaran rana kafin a watsa su. 'Yan adawa suka rasa inda za su yi magana, aka cika lokacin masu kallo da shirye-shiryen tonon silili da shashanci. A gefe guda kuma ana biyan wasu ƙananan jaridu masu arha su riƙa cin mutuncin duk wanda ya ɗaga kai, irin su magajin garin Lima, Alberto Andrade, da ɗan takara Alejandro Toledo, da manyan haruffa a shafin farko, yadda ko wanda bai saya ba zai karanta a bakin titi. Wanda ya ƙi kuɗi kuma akwai sanda: a 1997, bayan tashar Baruch Ivcher ta ba da labarin azabtarwa a hannun jami'an leƙen asirin soja da kuma irin kuɗin da Montesinos ke samu, sai aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa, tashar ta fita daga hannunsa.

Mu a Nijeriya wannan launi ba baƙo ba ne a gare mu. A waɗannan shekarun ne aka ɗaure 'yan jarida huɗu a 1995 da sunan suna da hannu a yunƙurin juyin mulki, a 1998 kuma jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista suka tsayar da Janar Sani Abacha ɗan takararsu su duka. Bambancin kawai, namu dillalan ba su bar mana rasit ba.

A zaɓen 2000 jam'iyyar Fujimori ta sami kujeru 52 cikin 120, sai aka shiga sayen 'yan adawa don cike giɓi. Ranar 14 ga Satumba na shekarar, wata ƙaramar tasha mai suna Canal N, wadda sai mai biyan kuɗin wata ke kallonta, wadda kuma ba ta cikin jerin masu karɓa, ta nuna kaset ɗin Montesinos yana ƙirga wa ɗan majalisa Alberto Kouri dala 15,000 domin ya sauya sheƙa. Bayan kwana biyu Fujimori ya sanar da sabon zaɓen da ba zai tsaya ba. A watan Nuwamba ya gudu Japan ya aiko da takardar murabus ta na'urar fakis, majalisa ta ƙi karɓa, ta tsige shi. An kama Montesinos a Benezuwela a 2001. Shi kuwa Fujimori an yanke masa shekara 25 a 2009 kan kisan gilla, a shekarar kuma ya amsa a gaban kotu laifin ba 'yan majalisa cin hanci, da satar sauraron wayoyin mutane, da sayen tashar talabijin da kuɗin baitulmali. An sake shi a ƙarshen 2023, ya mutu a watan Satumba na 2024.