Kashe Jemage Asarar Daddawa

Da yawa cikin manoma in sun ga jemagu sun sauka a itacen gona, sai su sa yara su yi ta jifa, wani ma har ya sare itacen. Wai jemage makaho ne, da baki ya ke kashi, kuma yana shan jini. Wannan duk camfi ne.

Jemage dabba ne. Haihuwa ya ke yi, ya ba ɗansa nono, idonsa kuwa yana gani sarai. Irinsa ya fi 1,400 a duniya, uku kaɗai ke shan jini, su kuwa can Amurka ta Kudu da ta Tsakiya su ke.

To, ga abin lura. Furen ɗorawa da na kuka da na rimi da dare su ke buɗewa. Jemage ya kan zo shan zaƙinsu, ya kwashi garin fure a gashinsa ya kai wani itace, sa'an nan su yi 'ya'ya. In aka kore shi kalwa za ta ragu, daddawa ta yi tsada. Ƙananan jemagu kuwa ƙwari su ke ci, har da masu ɓata amfanin gona.

Gaskiya ne ya kan ɓata mangwaro, wasu kuma suna ɗauke da cuta. A Ikko aka gano wata dangin ta haukan kare a jikinsu cikin 1956. Saboda haka kada a taɓa shi, kada a ci ragowarsa. Wanda ya ciza ya wanke da sabulu, ya garzaya asibiti. Amma a bar masa itacensa.

Allah Ya ba da damina mai albarka, amin.