Tuƙi Cikin Maye: Abin Da Doka Ta Tanada Da Nauyin Da Ke Kan Al'ummar Dutsin-Ma Da Kurfi

Akwai wata fahimta da ta daɗe a tsakanin jama'armu, musamman mazauna karkara, cewa dokar hana tuƙi cikin maye ba ta shafe mu ba, tunda dai a ƙauyukanmu ba a sayar da giya a bainar jama'a, kuma da yawa daga direbobinmu ba su taɓa kai ta baki ba. Wannan fahimta tana buƙatar gyara. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta shekarar 2007 ta ambaci abu biyu ne a tare, wato giya da ƙwaya, kuma hukuncinsu ɗaya ne matuƙar sun kai mutum ga kasa sarrafa abin hawansa. Saboda haka direban a-kori-kura da ya haɗiyi tiramol da asuba don ya jure lodin kasuwa, da ɗan acaɓan da ya zuƙi tabar wiwi kafin ya ɗauki fasinja daga Ɗantutture zuwa Dutsin-Ma, duk doka tana kallonsu da idon da take kallon mashayin giya.

Wannan batu ya shafi yankinmu kai tsaye. Hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma, ta zarce 'Yantumaki da Ƙanƙara, ita ce jijiyar arzikin wannan sashe na jiha. Ta nan ake fitar da hatsi da dabbobi da kayan lambun fadamun madatsar ruwa ta Zoɓe. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, zirga-zirga ta ƙaru ƙwarai, ga kuma ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwar Dutsin-Ma, motoci da babura da amalanken shanu da masu tafiya a ƙasa duk sukan haɗu a kan kwalta ɗaya. A irin wannan cunkoso, kuskuren direba guda ya isa ya jefa gidaje da dama cikin makoki.

Abin da doka ta ce

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Majalisar Dokoki ta Tarayya ta sake mata doka a 2007, aka biyo da ƙa'idojin hanya na ƙasa a 2012. A cikinsu ne aka jera laifuffuka da tarar kowannensu. Ga kaɗan daga waɗanda suka fi shafar mutanenmu, bisa adadin da aka yanka a wancan lokaci: tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya, naira 5,000, tuƙin ganganci, naira 50,000, tuƙi babu lasin, naira 10,000, lodin da ya wuce ƙa'ida, naira 10,000, amsa waya ana tuƙi, naira 4,000, gudun wuce sa'a, naira 3,000, rashin ɗaura bel, naira 2,000, hawa babur babu hular kwano, naira 2,000. Wanda ya yi yunƙurin ba jami'i cin hanci, ko ya kai masa hannu yana bakin aiki, tararsa naira 10,000 ce. Haka zalika asibitin da ya ƙi karɓar wanda haɗari ya rutsa da shi, an yanka masa tarar naira 50,000.

Dangane da gudu kuwa, a cikin gari kilomita 50 a sa'a ita ce iyaka ga ƙananan motoci. A babbar hanya irin ta Katsina zuwa Dutsin-Ma, ƙaramar mota da bas ba su wuce 80, tirela da tanka da babur kuma 50. Doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya yi tuƙi, abin da ya kamata iyaye su lura da shi ganin yadda ake sakar wa yara babura suna kai markaɗe ko ɗebo ruwa a kan titi. Game da giya, littafin ƙa'idojin hanya na ƙasa ya sa iyakar kashi 0.05 cikin ɗari a jinin direba, wanda ya dace da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Tarar da ta rasa nauyinta

Idan aka dubi waɗannan alƙaluma da kyau, za a ga inda gizo yake saƙa. A 2007, naira 5,000 ta kusa kai mafi ƙarancin albashi na wata guda, wanda dokar shekarar 2000 ta sa naira 5,500. A wancan lokaci kuɗin sun isa su sayi fetur fiye da lita 70. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, litar fetur kuma ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, wato a lokacin tarar da aka yanka wa mai tuƙi cikin maye ba ta sayen ko lita biyar. Direban da zai samu ninkin wannan kuɗi a sawu ɗaya ranar kasuwa ba zai ji tsoronta ba. Gyara adadin tarar aiki ne na Majalisar Dokoki ta Tarayya, kuma wajibi ne tara ta riƙa tafiya daidai da darajar kuɗi idan ana so ta tsawatar.

Sai dai kuskure ne direba ya ɗauka cewa maganar ta tsaya a kan tara. Ita dai dokar ta 2007 ta ba kotu ikon ɗaure mai tuƙi cikin maye har tsawon shekara biyu, ko ta haɗa masa ɗauri da tara gaba ɗaya. Mai tuƙin ganganci ma haka ne. Idan kuwa gangancin ya kai ga asarar rai, ɗaurin yana iya kaiwa shekara bakwai. Kotu tana kuma da ikon hana mutum riƙe lasin na wani lokaci, wanda ga direban haya daidai yake da toshe masa hanyar cin abinci. Wannan ne ya sa hukumar kan fito da kotun tafi-da-gidanka a manyan hanyoyi, musamman lokutan salla da ƙarshen shekara, inda alƙali ke yanke hukunci nan take.

Bugu da ƙari, Jihar Katsina ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. A mazhabar Malikiyya da malamanmu suke bi, haddin shan giya bulala 80 ne. Wanda kuma ya kashe rai bisa kuskure, akwai diyya a kansa da danginsa, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinare 1,000 na zinare, sannan ga kaffarar azumin wata biyu a jere. Ko da iyalan mamaci sun yafe diyya, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, kaffara tana nan a wuyan wanda ya yi kisan. Ashe ke nan direban da ya tayar da mota yana cikin maye ya ɗora wa kansa nauyin hukuma da na addini da na zumunta a lokaci guda.

Matsalar ƙwaya

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma kimanin miliyan 3 daga cikinsu suna shiyyar arewa maso yamma, inda Jihar Katsina take. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da kuma haɗa maganin tari mai kodin. Tiramol kuwa, wanda aka amince da shi don jinya bai wuce mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ba, amma wanda hukumar NDLEA ke yawan kamawa ya ninka haka.

Masu sha sukan ce ƙwaya tana hana gajiya. Gaskiyar magana ita ce tana ɓoye gajiyar ne kawai, tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana jinkirta saurin da ƙafa za ta kai ga burki, kuma idan ta yi yawa takan sa jijjiga irin ta farfaɗiya. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa ɗaya tak shi ne tsakanin tsayawa lafiya da banke yaron da ya biyo akuya ya tsallaka titi.

Wani abin lura kuma shi ne, na'urar da jami'ai ke ba direba ya hura tana gano giya ce kawai a numfashi. Gano tiramol ko kodin ko wiwi sai da gwaji na musamman kamar na fitsari ko na jini, wanda ba a iya yi wa kowane direba a gefen hanya. Ma'ana, irin mayen da ya fi damun yankinmu shi ne wanda shingen hukuma ya fi wahalar ganowa. Jami'in da ke kan kwalta ba ya ganin abin da aka haɗiya a tasha da asuba. Ɗan kamasho da mai shayi da abokan lodi sun gani.

Nauyin da ke kan kowa

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra sun nuna mutum 5,081 ne suka rasu a haɗurran mota a faɗin ƙasar nan a 2023, adadin ya tashi zuwa 5,421 a 2024. A duniya baki ɗaya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage rabin wannan asara kafin 2030. A nan jiha an kafa hukumar KASSAROTA a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari don kula da dokokin hanya, tana aiki tare da 'yan sanda da jami'an duba lafiyar motoci. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kowace mahaɗa tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma.

Don haka aikin farko yana wuyan shugabannin tasha. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin 'yan acaɓa su ne ke ba da layin lodi, kuma suna da ikon hana shi. Direban da aka san yana shaye-shaye, a cire shi daga layi har sai ya daina, domin rasa lodin ranar Laraba ya fi masa zafi a kan kowace tara. Ƙananan hukumomi, waɗanda tashoshi da kasuwanni ke ƙarƙashinsu, su hana tallar magunguna a faranti da kwali a harabar tasha, su kuma sa alamun hanya a bakin makarantu da kasuwanni. Iyayen ƙasa, tun daga fadar 'Yanɗakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maraɗin Katsina a Kurfi har zuwa dagatai da masu unguwanni, sun fi kowa sanin inda ake sayar da ƙwaya a yankunansu, kuma rahotonsu ga NDLEA yana da ƙima. Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata a bari, ta zuwa ofishin hukuma biko duk lokacin da aka kama ɗan wani. Wanda aka roƙar wa sassauci yau, gobe yana iya zama sanadin ajalin ɗan mai roƙon. Limamai su ma su riƙa bayyana hukuncin diyya da kaffara a huɗubar Juma'a.

Su kuma fasinjoji, haƙƙinsu ne su ƙi shiga motar da suka ga direbanta idanunsa sun juye ko harshensa yana harɗewa, su kuma ƙi hawa saman kaya ko cusa mutum huɗu a babur ɗaya. Wanda aka rubuta wa takardar laifi ya biya tararsa a banki cikin asusun gwamnati ya karɓi rasit, kada ya miƙa wa jami'i kuɗi a hannu, domin yin haka wani laifi ne na daban. Wanda yake ganin an zalunce shi yana da damar zuwa kotu ya kare kansa. Idan haɗari ya auku, a kira lambar gaggawa ta hukumar, 122, kyauta ce, a kuma gaggauta kai waɗanda suka ji rauni asibiti mafi kusa.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi da su zauna da shugabannin tasha da iyayen ƙasa da jami'an hanya, su fitar da tsari guda na tantance direba kafin a ba shi lodi, tun kafin lokacin kaka da bukukuwan salla da zirga-zirga ke ƙaruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya, amin.