Kafin mu zuba kuɗin adashe a tsohuwar motar soja

Duk mai cin kasuwannin Arewa, daga Dogon Kiriya zuwa Sukukutan, ko ya gangaro Matankari ya shigo Dogon Dutsi, ya san ba kowace mota ce ke iya hanyoyinmu ba. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, sai rairayi da kwazazzabai, in damina ta kankama kuma sai wanda Allah ya fitar. Shi ya sa maganar haɗa kuɗi a sayi tsohuwar motar soja, irin Berliet mai ƙafa shida, a sauya mata inji a gina mata sabon bodi, ba ta ƙarewa a bakin 'yan kasuwa. Mu dai muna goyon bayan wannan shawara, amma muna da ja a kan yadda aka saba aiwatar da ita.

Da tsohuwar zuma ake magani. Tsakanin 1959 da 1960 motocin Berliet guda 9 suka ratsa hamadar Tenere, kuma daga jinsinsu aka fitar da GBC 8 KT wadda sojan Faransa suka yi shekaru suna aiki da ita. Duk ƙafafunta shida suna ja, don haka rairayin da ke kwantar da tirela ita ko a jikinta. Kamfanin Renault ya haɗiye Berliet tun shekarun 1970, wato yau neman kayan gyaran injinta na asali wahala ce. Su kansu Faransawan da motocin suka tsufa ba su zubar ba. A ƙarshen shekarun 1990 sun riƙa ajiye shasi da ƙafafu, suna cire tsohon injin mai silinda 5 da ƙarfin doki 125, suna ɗora mai silinda 6 da ƙarfin doki 175, suka kira ta GBC 180. Sai dai ba inji kaɗai suka taɓa ba, sun sauya har akwatin giya da ɗakin direba, kuma injiniyoyi ne suka auna kome kafin a ɗaura ƙusa ɗaya.

A nan ne muke da matsala. A wurinmu, da an sayo mota sai kowa ya dubi inji, a ce a nemo wanda ya fi ƙarfi don a ƙara lodi. Alhali kuwa injin da ya fi ƙarfin giya da ƙarafan da ke juya tayu, shi ne zai riƙa karya su ɗaya bayan ɗaya, kullum mota tana gareji, masu hannun jari suna ƙara kuɗi. Haka kuma babban inji yana son babban lagireto, in ba haka ba zafin watan Afrilu da Mayu kaɗai ya isa ya dafa shi a cikin rairayi. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Tambayar da ta kamata a yi wa makaniki ita ce: in wannan inji ya tsaya a dajin Dogon Kiriya, wa zai gyara shi, kuma a ina za a samo kayansa? Injin zamani mai ƙwaƙwalwa yana da daɗin ji, amma ba ya jure gazuwal mai datti, kuma in ya yi gardama sai an kawo mai kwamfuta daga birni. Tsohon inji mai famfon gazuwal na ƙarfe, irin OM 352 na Mercedes mai silinda 6 wanda ya yi zamani a cikin 911 da 1113, makanikan Dutsi da Ƙonni da Sakkwato sun san cikinsa kamar yunwar cikinsu. Kada kuma a manta, rufe iyakar Benin a 2023 ya sa kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina. Wanda ya zaɓi injin da sai an yi odar kayansa daga ƙetare, ya shirya ajiye mota wata da watanni.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne birki. Mota ce da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan 4 a daji. Mu kuwa sai a kai ta wurin mai walda ya ƙara wa shasi tsawo, ya ɗaga bodi sama, a loda buhunan gero da wake, a ɗora awaki, sannan iyayenmu mata su hau can ƙololuwa da ƙoransu da goyonsu. An ƙara inji, an ƙara nauyi, birki kuwa yana nan yadda aka bar shi tun kafin a haifi direban. Kuma gwargwadon tsawon lodi, gwargwadon saurin kifewar mota a gangare. Ran da abin ya faru, ba mai garejin ne a sama ba, mai sayar da ƙuli-ƙuli ce da mai daddawa. Saboda haka muke cewa kuɗin farko ya tafi ga birki da bututun iskarsa, da sitiyari, da tayu, a duba shasi ko tsatsa ta ci shi. Abin da ya rage shi ne na inji. In bai isa ba, a jira zubi na gaba.

Ku kuma mata masu zuba kuɗin adashenku, kada kunya ta hana ku tambaya. Kuna da haƙƙin a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa kowa ya zuba, wa ke riƙe da kuɗin gyara, buhu nawa ne iyakar lodi, sannan a keɓe wa fasinja benci a ƙasa maimakon saman kaya. A riƙa biyan makaniki kashi-kashi gwargwadon aikin da ido ya gani, kuma kada a ba shi cikon kuɗinsa sai an gwada motar da lodi a kan hanyar da za ta riƙa bi.

Sai batun takardu. A tabbatar motar ta fita daga hannun soja ta hanyar halal, da takardar sayarwa da ta duwan. Sauyin inji da na bodi a kai wa hukumar sufuri a rubuta a kartagiris, domin in takarda ta faɗi wani abu mota kuma ta nuna wani, jandarma zai tsare ta ran kasuwa, masu inshora kuma su sami hujjar zamewa in tsautsayi ya auku.

Ga kuma halin tsaro da arewacin Dutsi ya shiga a 'yan shekarun nan. Motar da ke ɗauke da koren fenti na soja, daga nesa ba mai sanin fasinja ne a ciki ko dakaru. Kafin ta taka hanyar Dogon Kiriya, a shafe wannan fenti gaba ɗaya, a yi mata launi mai haske, a rubuta sunan ƙungiyar 'yan kasuwa da manyan baƙaƙe a gaba da gefuna biyu.