Sai An Gwada Akan San Iri Na Ƙwarai

Idan damina ta wuce a ƙasar Madarumfa, aikin gona bai ƙare ba. Tun daga watan Oktoba masu garka suke soma gyaran fangali a bakin tafki da cikin fadamar Gulbin Maraɗi. Ana shuka tumatur, albasa, salati, shu, karoti, tattasai da zogala. A Jiratawa ma akwai babban filin noman rani. Wannan noma ya daɗe a ƙasar Hausa, amma ya ƙara yaɗuwa a Nijar bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su kama shi don cike giɓin abinci.

Yara da yawa suna sha'awar yin ƴar garka a bayan gida, sai su ce ba su da kuɗi. To, akwai abin da yake gaba da kuɗi, shi ne sanin ko irin da ke hannu yana da rai. Ya kamata kowane ɗan makaranta, namiji ko mace, ya iya gwajin iri da renonsa. Aiki ne da ba ya cin ko dala ɗaya, amma yana iya tsare wahalar gida guda ta wata uku.

Ƙwayar iri abu ne mai rai, barci kawai take yi. Wanda yake shakka ya jiƙa wake ya kwana, da safe ya ɓare shi biyu. Zai ga ɗan tsiro a kwance a ciki, da ƴar saiwarsa da ƴan ganyensa. Sauran ƙwayar kuwa guzurinsa ne. Shi ya sa iri ba ya neman taki kafin ya tsiro. Abu uku yake bukata: ruwa, iska da ɗumi. Idan ruwa ya yi kaɗan ba zai farka ba. Idan ruwa ya yi yawa iska ba za ta shiga ba, sai ya ruɓe.

Abin da ke da rai kuwa yana mutuwa. Zafi da laima su ne manyan abokan gaban iri. Irin albasa ba ya da nisan kwana: bayan shekara ɗaya a ɗaki mai zafi, da yawa daga cikinsa ya mutu. Irin tumatur ya fi shi jimiri, yana kai shekara 3 ko 4 idan an ajiye shi da kyau. Matsalar ita ce mataccen iri da rayayye kamarsu ɗaya a ido.

Ga yadda ake gwaji. A ɗibi ƙwaya 10 daga cikin irin, ba tare da zaɓen masu kyau ba. A sami tsumma mai tsabta, a jiƙa shi, a matse. A jera ƙwayoyin a kai, a naɗe, a sa cikin ƙwarya ko tsohon kwano, a rufe, a ajiye a inuwa. Kowace safiya a buɗe a duba, a yayyafa ruwa idan tsumman ya soma bushewa. A rubuta kwanan wata da yawan ƙwayoyin da suka fitar da saiwa. Hatsi da wake sukan fito cikin kwana 3 zuwa 5. Tumatur yakan kai mako guda, albasa kwana 7 zuwa 10. Tattasai ya fi su nawa, yakan kai mako biyu, saboda haka kada a yi saurin yanke masa hukunci.

Sai lissafi. Idan 8 ko 9 suka tsiro cikin 10, iri mai kyau ne, a shuka shi yadda aka saba. Idan 5 ko 6 ne, a ƙara yawan abin da za a zuba. Idan bai kai 5 ba, a nemi wani tun da sauran lokaci. Masu binciken iri na duniya ma haka suke yi, sai dai su sukan ƙirga ƙwaya 400, kashi 4 na ɗari-ɗari, don sakamakon ya fi inganci. Wanda yake da iri da yawa yana iya gwada 20 maimakon 10.

Wani zai ce: "Mene ne abin wahala? A shuka mana, in bai fito ba a sake." Mai wannan magana ya manta da gajartar lokacin sanyi. Tumatur da salati da shu suna son sanyin Disamba da Janairu. Wanda ya zuba mataccen iri zai yi mako biyu yana ban ruwa yana jira. Kafin ya gane, ya nemo wani, ya sake zubawa, kusan wata guda ya tafi. Tumatur ɗinsa zai yi fure a bakin zafin Maris, furen ya riƙa zuba ba tare da ƴaƴa ba. Salati kuwa idan ƙasa ta yi zafi ƙwarai irinsa ƙin tsirowa yake yi. Ga asarar ruwa kuma. Tun da aka gina madatsar Jibiya a Nijeriya wajejen shekarar 1990, ruwan da ke gangarowa ta gulbi ya ragu. Kowace guga da aka ja daga rijiya ƙarfin mutum ce, bai kamata a zuba ta a kan irin da ba zai tashi ba.

Wani kuma zai ce irin fakiti, mai hoto a jiki, ba ya bukatar gwaji. Gaskiya ne akwai iri masu suna. Albasar Galmi ta yi suna a Afirka ta Yamma duka. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da tasha a Tarna kusa da Maraɗi, kuma waken da ake kira TN 5-78 daga can ya fito. Amma suna ba ya hana iri mutuwa. Fakitin da ya yi watanni a kan tebur cikin ranar kasuwa ya sha zafi, ko da hotonsa yana nan da kyau. Mai saye ya karanta kwanan watan da aka rubuta a jiki, sa'an nan in ya je gida ya gwada. A nan ɗan makaranta yake da amfani ga iyayensa, tun da ya iya karatun Hausa da Faransanci.

Bayan gwaji sai reno. Nan ma ba sai an sayi komi ba. Gwangwanin tumatur, gwangwanin madara, sakaina, fasasshen tulu, ledar ruwan sha da aka yar a titi, duk tukwanen reno ne. A huda musu gindi don ruwa ya tsiyaye. A haɗa ƙasa mai yashi kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙone saiwa, kuma yana kawo ciyawa, saboda haka sai wanda ya daɗe ya zama kamar ƙasa.

Kada a binne iri da zurfi. Zurfinsa ya zama kamar ninkin girman ƙwayar sau 2 ko 3. Ƙananan iri kamar salati, ƴar ƙasa kaɗan ake barbaɗa musu. A yi ban ruwa safe da yamma da gwangwanin da aka yi wa ƙananan huji, don kada ƙarfin ruwa ya tone irin. A rufe da busasshiyar ciyawa, amma da zarar tsiro ya leƙo a kwashe ta. Tsiron da bai sami haske ba yakan yi tsawo, ya yi fari, ya faɗi. Wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa wuyansa ne ke ruɓewa. Kaji da ƙadangaru da awaki ba su san wahalar kowa ba. A ɗora tukwanen a kan abu mai tudu, a lulluɓe su da tsohon gidan sauro.

Tumatur yana isa dashe bayan mako 3 ko 4, idan ya yi ganye 4 ko 5. Shu yana kai wata guda. Albasa sai ta yi kwana 40 zuwa 50, ta kusa kaurin fensir. Da yamma ake dashe, a ɗauko tsiron tare da ƙasar gindinsa, a ba shi ruwa nan take. Karoti da kuɓewa da wake ba su son dashe, inda za su zauna can ake shuka su.

Amfanin reno a fili yake. Giram ɗaya na irin tumatur yana da ƙwaya wajen 300. Wanda ya watsa su a fangali zai tsinci kaɗan. Wanda ya jera su a gwangwani, biyu-biyu, zai sami dashen da ya ishe shi har ya ba maƙwabci. Kuma ruwan buta ɗaya ya ishi gwangwani da yawa.

Mai garka na ƙwarai yana tanadin irin baɗi. Ya zaɓi tumatur nunanne daga gindin da ba ya da ciwo, ya matse ƴaƴan cikin kwano, ya bar su kwana 2 ko 3, ya wanke, ya shanya a inuwa. Idan sun bushe sarai ya zuba su a kwalba da ɗan toka, ya toshe, ya rubuta suna da shekara. Amma idan an rubuta F1 a jikin fakitin da aka saya, wannan haɗaɗɗen iri ne, ƴaƴansa ba su biyo shi daidai. Ba a ajiye irinsa.

Akwai masu ganin duk wannan wasan yara ne, yana cinye lokacin karatu. Ai shi ma karatu ne. Yaron da ya ƙirga 8 cikin 10 ya yi lissafi. Yarinyar da ta rubuta abin da ta gani kowace safiya ta yi rubutu, ta kuma koyi lura. Wannan ba dalili ba ne da yaro zai ɗaga wa babansa ko kakarsa murya, domin sun riga shi sanin ƙasa da iska da lokacin shuka. Abin da ya dace shi ne ya roƙi ƙwaya 10 cikin ladabi, bayan mako guda ya kawo tsumman ya buɗe a gabansu. Gani ya kori ji.

Gwajin nan bai tsaya ga garka ba. A watan Mayu, kafin ruwan shuka ya sauka, sai a yi wa irin hatsi da dawa da wake da gyaɗa da ke rumbu. Gidan da ya gano tun da wuri cewa ƙwari sun cinye zuciyar wakensa yana da lokacin neman wani. Gidan da bai gwada ba sai bayan shuka zai sani, ruwan farko kuwa ya riga ya wuce.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne iri yake bukata kafin ya tsiro?
2. An gwada ƙwaya 20, sai 12 suka fito. Nawa ke nan cikin 10? Me ya kamata mai irin ya yi?
3. Don me ba a ajiye irin da aka rubuta wa F1?

Aiki

Kowane ɗalibi ya gwada iri biyu a gida, ya rubuta abin da ya gani har kwana 10, ya kawo aji a kwatanta.