Wa Zai Yi Fim Ɗin Masu Ɗibar Yashi?

Jiya a majalisarmu ta bakin gada, ƙanena ɗalibin Jami'ar Ɗangote ya kunna mana Adventureland, fim ɗin Amurka na 2009. Saurayi ne ya gama digiri, samu ya ja baya a gidansu, dole ya kama aikin hutu a filin wasan lilo. Kafin a kai rabi majalisa ta watse, wai ba rawa, ba waƙa, ba bos.

Jama'a, mu ji tsoron Allah! Kullum muna zagin 'yan Kannywood, wai sun ishe mu da soyayyar gidan Alhaji. To wa ke kallo? Mu ne. Silima irin su Eldorado ta mutu, kallo ya koma waya, amma halinmu yana nan.

A nan Wudil, yaro zai ƙare hutunsa yana nutso a kogi yana ɗebo yashi, wani yana kora shanu a kara ranar Juma'a, duk don kuɗin WAEC. Wannan ba labari ba ne? Amma a yi fim ɗinsa, wallahi mu ne farkon masu cewa "ba daɗi". Ɗan fim kasuwa yake bi. Mu gyara idonmu tukuna, sannan mu zage shi.