Kyamarar Da Aka Gyara Da Zafi A Mushtari: Me Ya Shafe Mu?

Daga nan Dusuman nake so mu ɗaga kai sama yau.

A watan Yulin 2025 hukumar NASA ta Amurka ta bayyana yadda ta ceto kyamarar kumbon Juno, wanda ke kewaya duniyar Mushtari, wato Jupita, tun 2016. Duniyar nan tana da maganaɗisun da ya fi na duk sauran duniyoyin da ke zagaya rana ƙarfi. Ga kuma wani watanta mai suna Io, wanda duwatsunsa masu aman wuta ke watsa kusan tan ɗaya na iska a kowace daƙiƙa. Iskar sai ta ɗauki cajin lantarki, maganaɗisun ya kama ƙwayoyinta ya rinƙa wulwula su da mugun gudu. Duk na'urar da ta shiga wurin, huda ta suke yi a hankali.

Shi ya sa aka ɓoye kwamfutocin Juno a akwatin ƙarfen titaniyom. Kyamarar kuwa a waje take, har hotunanta suka fara lalacewa. Ba makaniken da zai je can, don haka daga ƙasa aka kunna mata na'urar ɗumamawa, zafin ya gyara ta. Ranar 30 ga Disamban 2023 ta ɗauko hotunan Io tsaf daga nisan kilomita 1,500.

Wani zai ce, to ina ruwan ɗan fatake? Ai tamu duniyar ma tana da irin wannan ɗamara ta ƙwayoyi masu caji, kuma a cikinta taurarin GPS suke yawo. Da su mai shanu ke bibiyar tirelarsa daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri har Oko-Oba. A watan Mayun 2024 guguwar rana ta rikita GPS ɗin taraktoci a Amurka ana tsakar shuka.

Mu kanmu mun san zafin asara a sama. NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar wuta. Magajinsa na Disamban 2011 kuwa shekara 15 aka ƙera shi ya yi.

A ganina, idan za a sayo sabo, kada a tsaya ga ciniki kawai. A horar da yaranmu injiniyoyi su san yadda ƙwayoyin nan ke cin na'ura, da yadda ake jinyarta daga nesa. Ko a kara, ba a sayen sa sai an tanadi mai kula da shi a hanya.