Kanti Ɗaya Ya Raya Gari, Garuruwa Nawa Ya Kashe?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, musamman ku masu rumfa da masu tebur a kasuwa, kun sha jin ana cewa gari kaza ya ci gaba, gari kaza ya bunƙasa. Mai faɗin haka yakan nuna muku benaye da kwalta da yawan jama'a, ya ce ga shaida nan. To, yau ga labarin wani ƙaramin gari a ƙasar Amurka, sunansa Bentonville, cikin jihar Arkansas. Ku ji shi tun daga tushe, kana ku auna da kanku.

Asalin ƙasar ta mutanen Osage ce, wata kabila daga cikin 'yan asalin Amurka, waɗanda hukuma ta sa suka sa hannu a takardu suka tashi. A shekarar 1836 Arkansas ta zama jiha, a shekarar kuma aka yanka wata gunduma a kusurwar arewa maso yamma, aka ba ta sunan Thomas Hart Benton, ɗan majalisar dattawa daga jihar Missouri. Gunduma kuwa tilas ta sami inda za a kafa kotu. Aka zaɓi wuri, aka shata dandali a tsakiya, aka yanka filaye kewaye da shi. Haka garin ya samo asali.

Kada wani ya raina zaman gari hedkwatar gunduma. Can ne kotu, can ne gidan kurkuku, can ake rubuta takardun gona, can ake biyan haraji. Manomi ko yana so ko ba ya so sai ya zo. In ya zo kuwa sai ya ci abinci, ya sayi gishiri da ƙusa, ya kai dokinsa wajen maƙeri. Kowane ɗan kasuwa ya san inda ƙafa ta yi yawa nan ciniki yake. Saboda wannan ne a wasu gundumomin jihar Kansas aka kai ga harbe-harbe tsakanin gari da gari a kan wa zai riƙe kotu.

Kotun nan ita ta riƙe ran Bentonville har sau biyu. A lokacin yaƙin basasar Amurka, cikin watan Maris na 1862, aka gwabza a Pea Ridge, kusa da garin. Sojojin ɓangarorin biyu suka yi ta ratsa shi, kafin yaƙi ya ƙare yawancin gine-ginensa sun zama toka. Mutane suka dawo suka sāke gini, domin shari'a da takardun ƙasa suna nan. Sa'an nan a 1881 layin dogo ya zo gundumar, amma ya kauce wa Bentonville, ya bi ta gabas. Nan da nan wani sabon gari, Rogers, ya tsiro a bakin tasha. Garuruwa da yawa da jirgi ya guje wa haka sun mutu murus. Wannan bai mutu ba, aka shimfiɗa masa guntun layi zuwa Rogers, ya ci gaba da lallaɓawa.

Daga nan sai zamanin tuffa. A 1901 babu gundumar da ta kai ta Benton noman tuffa a duk faɗin Amurka. Ƙwari da cuta da faɗuwar kasuwa suka karya wannan sana'a, manoma suka koma kiwon kaji. Da aka yi ƙidaya a 1950, mutanen Bentonville 2,942 ne kacal. Shekara ɗari da goma sha huɗu, ba su cika dubu uku ba!

A wannan shekara ce wani ɗan tireda mai suna Sam Walton ya sauka garin. Abin da ya kawo shi kuwa, lalle ku buɗe kunne, don ya shafe ku. Tun 1945 yana da kanti a garin Newport, ya yi ta fama har kantin ya yi albarka. Ashe takardar hayar da ya sa wa hannu ta shekara biyar ce, babu sharaɗin sabuntawa a ciki. Da mai gida ya ga ciniki ya kankama, sai ya ƙi ƙara masa ko wata ɗaya, ya karɓe wurin ya ba ɗansa. Mutum nawa ne a cikinku aka yi wa irin wannan? Ka share wuri, ka jawo masu saye, ranar da ya fara daɗi a ce ka kwashe kayanka. Walton bai sāke yarda an yi masa haka ba. Da ya zo Bentonville ya sayi wani tsohon kanti a bakin dandali, shagon aski da ke maƙwabtaka da shi kuma ya karɓi hayarsa ta shekara 99, a rubuce.

Masu ba da labarinsa suna son su ce da hannu biyu ya fara. Ba haka ba ne. Surukinsa, wani lauya mai hali, shi ya ranta masa dala 20,000 ya buɗe kantin farko. Ba mu hana shi yabon ƙwazo ba, ƙwazo kam yana da shi. Amma wa zai ranta wa mai tallan goro irin wannan kuɗi?

Dabararsa ba boyayya ba ce. Manyan kantuna na wancan zamani sun raina ƙauye, birni kawai suke nema. Shi kuwa ya bi ƙananan garuruwa, ya sayo kaya jibgi guda daga masu ƙera su, ya tsallake dillali, ya rage riba a kan kowane abu don ya sayar da yawa. Ran 2 ga Yuli 1962 ya buɗe kantin Walmart na farko a Rogers. A 1970 ya fara sayar da hannun jari, ya kafa babban sito da ofis a Bentonville, daga nan motoci ke ɗiban kaya suna rarrabawa. Kafin ya rasu a 1992, Walmart ta fi kowane kamfanin kantuna ciniki a Amurka. Yanzu ma'aikatanta sun haura miliyan biyu a duniya.

Garin fa? A 1990 mutum 11,257. A 2000 sun kai 19,730, a 2010 sun zama 35,301, ƙidayar 2020 ta sami 54,164. Ɗaruruwan kamfanoni masu son kayansu su hau kan kantar Walmart suka buɗe ofisoshi a yankin, don kowa na son zama kusa da mai saye. Aka buɗe filin jirgin sama a 1998. A 2011 'yarsa Alice Walton ta buɗe gidan zane-zane mai suna Crystal Bridges, shiga kyauta.

To, a nan ne muke rabuwa da masu tafi. Kuɗin da ya gina Bentonville daga ina ya fito? Daga aljihun mutanen wasu dubban ƙananan garuruwa, masu kotu da dandali da kantuna kewaye, kamar yadda Bentonville take a 1950. Walmart ba ta shiga dandali. Takan sayi fili a bayan gari, bakin babbar hanya, ta gina rumfa mai faɗin gona. Mai takalma, mai yadi, mai magani, mai kayan gini, ɗaya bayan ɗaya su rufe. Wani malamin tattalin arziki a jihar Iowa, Kenneth Stone, ya bi diddigin abin shekara da shekaru, ya tarar wasu ƙananan garuruwa sun rasa har kashi 47 cikin ɗari na cinikinsu bayan shekara goma da kafa Walmart kusa da su. Ribar da a dā take kwana a gari, ta biya magini da tela, yanzu kafin gari ya waye ta kama hanyar Arkansas.

Za a ce ai talaka ya sami araha. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma a tambayi wanda ke tsaye bayan kanta. A shekarar 2000 mahauta a wani kantin kamfanin a Jacksonville ta jihar Texas suka jefa ƙuri'a za su shiga ƙungiyar ƙwadago. Ba a jima ba kamfani ya ce ya daina yankan nama a kantuna 180, sai dai a kawo shi a ƙunshe. A 2005 ya rufe kanti sukutum a Jonquière ta ƙasar Kanada, bayan ma'aikata sun kafa ƙungiya. A 2020 kuma ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya duba wasu jihohi, ya tarar Walmart tana sahun gaba cikin wuraren da ma'aikatansu ke karɓar tallafin abinci daga gwamnati. Watau mutum yana aiki, albashi bai ciyar da gidansa ba, sai baitulmali ta cika masa. Wannan araha, wani ne ya biya ta.

Ko a Bentonville kanta ba kowa ne ya ji daɗi ba. Kuɗin gida da na haya sun yi tashin gwauron zabo, har masu ƙaramin albashi da yawa sai a garuruwan gefe suke samun wurin kwana. Ga kuma hatsarin da ke kan duk garin da ya rataya wuyansa a ƙusa ɗaya. Tuffa ta taɓa nuna musu.

Kada ku ce abin nesa ne. A 2011 Walmart ta sayi kashi 51 cikin ɗari na kamfanin Massmart na Afirka ta Kudu, mai kantunan Game, kuma Game ta taɓa buɗe ƙofa a Kano kafin ta janye daga Nijeriya. Wata za ta zo. Ran da aka ce muku za a ba wani babban kamfani fili don gari ya ci gaba, ku je gaban majalisar gari ku tambaya: rumfa nawa za ta tashi, albashi nawa za a biya, ribar kuma ina za ta kwana? Kafin ranar, mai rumfar da ba shi da takarda ya nemi takarda, ya sa a karanta masa ita har ƙasa, ya ji ko akwai maganar sabuntawa.

Kantin nan na bakin dandali yana nan har yanzu, yana fuskantar kotun da aka gina a 1928. Tun 1990 aka mayar da shi gidan tarihi, baƙi na zuwa suna ɗaukar hoto a ƙofarsa.